KUNYA DA CETON RAI: HUKUNCIN WANDA LIKITA YA UMURTA DA BINCIKEN HANJI

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya girmama shi, Ya suturta shi da tufa da kunya. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi, mas'alar da muke son tattaunawa a wannan fitowa tana da nauyi ga bakin mai faɗi, tana da nauyi ga kunnen mai saurare. Amma tambaya a kanta ta yawaita a zaurukan karatu da ƙofofin masallatai na birnin Yamai, kuma galibi da raɗa ake yin ta. Mutum ya daɗe yana ganin jini a bayan gida, ya je asibiti, likita ya rubuta masa takarda, ya ce sai an leƙa cikin babban hanjinsa da na'ura ta hanyar dubura. Sai ya naɗe takardar ya sa aljihu, ya koma gida bai gaya wa kowa ba. Wata ya wuce, shekara ta wuce. Shin kunyar da addini ya yaba ce ta hana wannan bawan Allah, har ya cancanci lada, ko kuwa ya tozarta amanar da Ubangijinsa Ya ba shi?

Mene ne wannan bincike?

Malamai ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san surarsa, saboda haka bari mu fara da bayaninsa. Likitoci suna kiransa koloskopi. Babban hanjin mutum ya kai wajen mita 1 da rabi. Na'urar kuwa siririyar mesa ce mai lanƙwasuwa, kaurinta kamar ɗan yatsa, a bakinta akwai fitila da idon ɗaukar hoto, likita yana kallon cikin hanji a kan allo. Kwana guda kafin aikin majinyaci yana barin abinci mai nauyi, ya sha maganin wankin ciki tare da ruwa mai yawa har hanjin ya tsabtata. Aikin kansa galibi bai wuce minti 30 zuwa 45 ba, kuma ana iya ba mutum allurar da za ta sassauta zafi ko ta sa shi barci.

Amfaninsa shi ne, mafi yawan ciwon daji na babban hanji yana farawa ne da wani ɗan tsiron nama a jikin bangon hanji, wanda ba ya zafi, ba ya hana barci. Tsiron yana iya ɗaukar wajen shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. In likita ya gan shi da wuri, a nan take yake tsinke shi da wata ƴar waya da ke bi ta cikin mesar, ba tare da an tsaga ciki ba. Likitoci biyu, Hiromi Shinya da Wiliyam Wolf, su suka fara wannan aiki a birnin New York na Amurka a 1969.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙididdige cewa a shekarar 2020 mutum fiye da miliyan 1 da dubu 900 suka kamu da wannan ciwo, fiye da dubu 930 suka rasu ta sanadinsa. Shi ne na uku wajen yawa cikin nau'o'in ciwon daji, shi ne na biyu wajen kisa. Ƙididdigar Amurka ta nuna cewa in an gano shi bai fita daga hanji ba, wajen mutum 9 cikin 10 suna nan da rai bayan shekara 5. In kuwa ya riga ya kai hanta ko huhu, ba su kai 2 cikin 10 ba. Don haka ne a Faransa ake kiran duk mai shekara 50 zuwa 74 ya kai bayan gidansa a auna shi bayan kowace shekara 2, in an ga alamar jini a aika shi leƙen hanji. Amurka ma a 2021 ta sauko da shekarun fara binciken daga 50 zuwa 45.

A nan ƙasarmu galibi sai alama ta bayyana ne likita ke aika mutum: jini a bayan gida, ko sauyin yanayin bayan gida da ya ƙi wucewa, ko rama ba dalili, ko ƙarancin jini. Ma'anar haka, mu ba mu da sauran lokacin ɓatawa kamar waɗancan. Kuma ba a ce ƙofa a rufe take ba. A Babban Asibitin Ƙasa na Yamai da Babban Asibitin Referans akwai likitocin ciki da hanta. Tun 1992 ake riƙe da rajistar masu ciwon daji a sashen koyon likitanci na Jami'ar Abdu Mumuni, kuma a 2021 Cibiyar Ƙasa ta Yaƙi da Ciwon Daji ta fara gashin ciwon da haske. Sai dai duk waɗannan ba su amfanin wanda bai zo ba, kuma amfaninsu kaɗan ne ga wanda ya zo a makare.

Abin da ke cikin zuciyar majinyaci

Ba mu zargin wanda ya ja da baya, domin mun san abin da ke kai da komo a ƙirjinsa. Na farko kunya ce: dattijo mai rawani, ko uwar ƴaƴa da ko likitar haihuwa ba ta taɓa yarda ta gan ta ba sai da ƙyar, a ce su kwanta a buɗe musu wurin da ya fi kowane wuri sirri, a gaban wanda wataƙila sa'an ɗansu ne. Na biyu tsoron zafi, wanda labaran majalisa ke hura wa wuta. Na uku, kuma shi ya fi ƙarfi ko da ba a faɗa, tsoron abin da za a gano. Mutum ya gwammace ya zauna cikin duhu da a ambata masa sunan ciwon. Na huɗu tunanin kuɗi: maigida yana lissafin buhun hatsi da kuɗin makarantar yara, sai ya ga jikinsa ne ya fi sauƙin jira. Na biyar tsoron bakin mutane, musamman ga namiji, wanda shaiɗan ke raya masa cewa wannan aiki zai taɓa mazakutarsa ko mutuncinsa.

Zuciya ba ta fitowa da waɗannan abubuwa tsirara. Tufa take sa musu. Sai ka ji mutum ya ce ai basir ne kawai, ya sayi sassaƙe a Katako ko wajen masu yawo da amsa-kuwwa a bakin tasha. Ko ya ce ya dogara ga Allah. Ko ya ce addini ya hana buɗe al'aura. Basir gaskiya ne, kuma mafi yawan jinin da ake gani nasa ne ko na atuni. Amma jinin basir da jinin sankara ido ba ya iya rarrabe su, kuma mutum guda yana iya ɗauke da su duka biyu. Sauran tufafin guda biyu, wato kunya da tawakkali, tun da da sunan addini aka ɗinka su, wajibinmu ne mu duba su da ma'aunin addini.

Kunya: wace ce abar yabo?

Babu shakka kunya yanki ce ta imani, kuma suturta al'aura wajibi ne. Ba mu zo don mu rage wa wannan hukunci ko ƙwayar zarra ba, a zamanin da tsiraici ya zama ado. Amma malamai sun bayyana cewa kunyar da shari'a ta yaba ita ce wadda ke hana bawa aikata mummuna, ta kuma hana shi tauye haƙƙin mai haƙƙi. Wadda ke sa mutum ya bar wajibi, sunanta a wurinsu rauni da gazawa, ko da jama'a sun kira ta kunya. Uwar muminai A'isha, Allah Ya yarda da ita, ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar hukuncin haila da wanka ba. Ummu Sulaim ta tsaya gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta yi tambaya kan mafarkin mace, ya kuwa amsa mata bai kore ta ba. In kunya ba ta zama uzuri ga barin tambaya ba, yaya za ta zama uzuri ga barin rai ya salwanta?

Jiki yana da haƙƙi a kan mai shi, domin aro ne aka ba mu, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe shi. Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, sun nuna cewa shari'a ta zo ne don kiyaye abubuwa biyar: addini, da rai, da hankali, da zuriya, da dukiya. Kiyaye rai yana cikin larurori, kuma in ya ci karo da suturta al'aura na ɗan lokaci, rai ake gabatarwa. Daga nan ƙa'idar fiƙihu sananniya ta fito, cewa larura tana halatta abin da aka hana, tare da ƴar'uwarta da ke cewa ana auna larura gwargwadon buƙata ne. Da wannan ƙa'ida ce ungozoma ke karɓar haihuwa, wanzami ke yin kaciya, kuma babu wanda ya taɓa cewa sun yi saɓo. Iyayenmu sun taƙaice zancen da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Magabatanmu ba su ɗauki ciwon wannan wuri abin ƙyamar ambato ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen shekarar 1013, ya bayyana aikin basir da na yoyon dubura a littafinsa At-Tasrif, har da zanen kayan aikin fiɗa. Kusa da mu, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1837, ya wallafa littafi sukutum a kan magungunan basir. Shin mun fi Muhammadu Bello kunya ne, ko mun fi shi tsentseni?

Game da mata, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na ƙasar Burunai a 1993, ta jera matakai: a fara neman likita mace musulma, in babu sai mace amintacciya ko da ba musulma ba ce, in babu sai likita namiji musulmi, in babu sai waninsa, kada a buɗe sai gwargwadon buƙata, kuma a samu miji ko muharrami ko amintacciyar mace a wurin. Ku lura, ya ku ƴan'uwa, a cikin matakan nan babu inda aka ce a bar ta ta mutu a ɗaki. Mijin da ya hana matarsa wannan bincike bayan likita ya tabbatar da buƙatarsa, ya sani kishinsa ya ƙetare iyakar da shari'a ta gindaya, kuma alhakinta yana wuyansa.

Shi kuwa waswasin da ke kwatanta aikin likita da alfasha, ƙarya ce ta shaiɗan. Ayyuka ana hukunta su da niyya da manufa. Wuƙar mahauci da wuƙar ɗan fashi ƙarfe guda ne, amma hukuncinsu ba guda ba ne.

Tawakkali da tsoron sani

Tawakkali aikin zuciya ne, riƙon sababi aikin gaɓɓai ne, kuma ɗaya ba ya kore ɗaya. Manzon Allah, wanda shi ne shugaban masu dogara ga Allah, ya yi magani, an yi masa ƙaho, ya umurci jama'arsa da neman magani, ya kuma umurci mai raƙumi da ya ɗaure raƙuminsa tukuna. Bayan yaƙin Handaƙ, shi ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu tantin Rufaida a masallaci don ta yi jinyar rauninsa. Sayyidina Umar, da ya ji labarin annoba a Sham, ya juyo da jama'a daga hanya, ya nuna wa sahabbai cewa gudun ma a cikin ƙaddarar Allah yake. Risalar Ibnu Abi Zaid, wadda yaranmu ke karantawa a zaure, ta halatta neman magani da shan sa da yin ƙaho.

Sai mu tambayi kanmu da gaskiya. Wanda ya ce ya bar wa Allah al'amarin hanjinsa, shin ya bar wa Allah al'amarin shagonsa bai sa kwaɗo ba? Shin ya bar gonarsa ba noma yana jiran damma? In ya riƙi sababi a dukiya ya bar shi a rai, to ya binciki zuciyarsa, zai tarar tsoro ne ya sa rigar tawakkali.

Tsoro kuwa ba laifi ba ne, ɗabi'ar ɗan Adam ce. Amma mu auna shi da hankali. Na'ura ba ta sa ciwo, abin da ke nan take nunawa. Mafi yawan waɗanda aka leƙa ba a samun sankara a jikinsu, sai su koma gida da kwanciyar hankalin da suka yi watanni ba su samu ba. Wanda aka samu tsiro aka cire, an rufe masa ƙofar ciwo tun bai shigo ba. Wanda aka samu ciwon kansa, sanin ya ba shi damar magani, ya kuma ba shi damar gyara tsakaninsa da Ubangijinsa, da biyan bashi, da rubuta wasiyya. Babu ko ɗaya cikin ukun nan da rashin sani ya fi masa alheri. Gaskiya ne aikin yana da haɗarinsa, kamar zubar jini ko hujewar hanji, amma ƙalilan ne ƙwarai a hannun gwani, kuma haƙƙin majinyaci ne ya tambaya a yi masa bayani kafin ya amince. Ajali ba ya gabata ba ya jinkiri, amma mu ba a kallafa mana sanin ajali ba. Abin da aka kallafa mana shi ne riƙon amana.

Akwai kuma wani haƙƙi da ake mantawa. Wannan ciwo yana bin jini a wasu gidaje. Wanda mahaifinsa, ko mahaifiyarsa, ko ɗan'uwansa na jini ya kamu da shi, likitoci suna shawartarsa ya fara bincike tun yana shekara 40, ko shekara 10 kafin shekarun da ciwon ya kama ɗan'uwan nasa. Saboda haka uban da ya ɓoye wa manyan ƴaƴansa sunan ciwonsa, ya hana su gargaɗin da zai iya zama sanadin tsirarsu.

Haƙƙin majinyaci a kan sauran jama'a

Ba daidai ba ne mu ɗora nauyin duka a kan mai ciwo. Tun da larura gwargwadon buƙata ake auna ta, likita da ma'aikatansa su sani abin da aka halatta musu ƙanƙane ne, sauran jikin yana nan a kan haramcinsa. A rufe ƙofa, a lulluɓe majinyaci, kada a buɗe sai wurin aiki. Kada a tara ɗalibai a kansa sai da izninsa. A yi masa bayani da Hausa ko Zabarmanci, harshen da yake ji, tun kafin ya kwanta. A kira dattijo Baba, a kira dattijuwa Inna. Kuma sirrinsa amana ne. Majalisar fiƙihun da muka ambata, a wannan zama na 1993, ta yanke cewa asali haramun ne ma'aikacin lafiya ya fallasa sirrin majinyaci.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun gano wani abu da ya dace likitocinmu su riƙe. A 1996 Donal Redelmaya da Daniyel Kahneman sun wallafa binciken da suka yi a kan masu leƙen hanji a birnin Toronto na Kanada. Sun tarar cewa abin da mutum ke tunawa daga baya ba ya bin tsawon aikin. Yana bin lokacin da zafi ya fi tsanani ne da kuma mintocin ƙarshe. A 2003 suka wallafa wani gwajin da mutum 682: waɗanda aka kammala musu a hankali cikin sauƙi sun fita da tunani mai dama, ko da aikinsu ya ɗan fi tsawo. Mu da aka koya mana cewa ƙarshen aiki shi ne abin lura, wannan bai zama baƙon abu gare mu ba. Tausasa hannu a ƙarshe, da kyakkyawar kalma lokacin da mutum ya farka, su ne labarin da zai kai majalisa, kuma da labarin nan wani zai zo ko ya ƙi zuwa.

Iyali su raka shi, domin wanda aka yi wa allurar barci bai kamata ya hau babur ko ya tuƙa mota a ranar ba. Dangi da maƙwabta su haɗa masa gudunmawa kamar yadda suke haɗawa ranar suna da ranar biki, domin jikka guda kafin bincike ta fi buhun shinkafa ranar zaman makoki. In abin ya faɗo cikin Ramadan kuma likita ya ce ba ya jira, mai ciwo yana da sauƙin shan ruwa ya rama daga baya. Masu raha a majalisa kuma su ji tsoron Allah: wanda ya mayar da ciwon ɗan'uwansa abin dariya har wani ya ji ya fasa zuwa asibiti, ya yi tarayya a cikin abin da ya biyo baya. Masu sayar da maganin gargajiya su ma, in mutum ya dawo musu sau biyu sau uku jini bai tsaya ba, amana ta wajabta su ce masa ya tafi asibiti.

Kammalawa

Amsar tambayarmu ke nan. Wanda likita amintacce, masanin aikinsa, ya umurta da wannan bincike saboda alamar da ya gani, ya halatta gare shi ya buɗe gwargwadon buƙata, babu zunubi, babu zubar mutunci. In zato ya rinjaya cewa barinsa zai kai ga halaka, to zuwa ya zama wajibi a kansa gwargwadon ikonsa. Nauyin da yake ji a zuciyarsa alama ce ta tarbiyya, kada ya yi baƙin ciki da shi. Ya ɗauke shi ya tafi da shi asibiti, ya yi haƙuri na minti 30, muna yi masa fatan lada biyu, ladan kunya da ladan riƙon amana. Wanda ke da irin wannan takarda a aljihu ko ƙarƙashin katifa, ya fito da ita a wannan mako, ya gaya wa mutum guda da ya amince da shi, su tafi tare.

Muna roƙon Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa ciwonsu ya zama kaffara, Ya yi wa likitocinmu jagora Ya sa tausayi a zukatansu, Ya suturta mu duniya da lahira, Ya sa mu cika da imani. Allah Shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.